Ba Mala'iku Muka Ɗauka Aiki Ba

Ranar Alhamis, tara ga watan Yuli, da hantsi, Allah ya karɓi ran abokina kuma abokin aikina, injiniyan kwamfutar masana'antarmu ta man girki, wanda ma'aikata suka fi sani da Me-za-ka-yi. Ya rasu a cikin tankin ajiyar mai, a gindin tsani, bayan ya ɗaura wa wani mutum igiya an jawo shi da rai. Daga Allah muke, gare Shi kuma za mu koma. Na faɗi wannan kalma a bakin tankin, na faɗe ta a asibiti, na faɗe ta a maƙabarta, kuma na yi imani da ita. Amma ba zan yi wa kowa ƙarya ba, da fushi nake wannan rubutu. Hukuncin Ubangiji na karɓe shi hannu biyu. Da mutane nake fushi, kuma na san fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya.

Abokina, 'yarka ta fari ce ta zaunar da ni rubutu. Ranar da muka koma gidanka gaisuwa, ta baro mata a ciki ta same ni a ƙofa ina neman takalmina. Ta ce, "Baffa, da gaske ne wai ganganci Baba ya yi?" Ashe maganar da aka tara ma'aikata a harabar masana'anta aka karanta musu ta riga mu isa unguwarku, cewa ka rasu ne saboda ka saɓa ƙa'idar tsaro. Na ce mata ta yi haƙuri, na fice sumui-sumui kamar mara gaskiya. Abin da zan faɗa a nan shi ne amsar da na kasa ba ta a ƙofa, kuma ina so duk wanda ya ji waccan magana ya ji wannan.

Ni ne mai horar da ma'aikata kan kiyaye haɗari. Kafin ka zo, kayan aikina allo ne da bakina. In tara mutane a ɗakin horo mai kujerun roba da fanka ɗaya mai kuka, in ce kada ku yi kaza, ku tabbata kun yi kaza, su gyaɗa kai, rabinsu suna gyangyaɗi. Sai aka ce an ɗauko wani injiniya zai gina mana masana'antar gaba ɗaya a cikin kwamfuta. Mutum zai ɗaura wani tabarau mai kauri a fuska, sai ya tsinci kansa a tsakiyar injina da tankuna, ga ma'aikata na kwamfuta suna kai da kawo a gefensa, ya koyi aiki a inda ko ya yi kuskure babu jinin da zai zuba. Na ce to, an kawo wanda zai ci gurbina. Ranar da ka shigo da hular kwano da ta yi wa kanka kaɗan, da takalmin aiki da ya yi maka yawa, na yi maka kallon sama da ƙasa na ƙi ba ka kujera. Ka jawo bokitin fenti ka kifa ka zauna, ka ce mini, "Yaya, koyo na zo." Da wannan kalma ka gama da ni.

Ma'aikatan kwamfuta na farko da ka ƙera, waɗanda mutanenmu suka sa wa suna 'yan ciki, abin dariya ne. Ba sa gajiya, ba sa jin zafi, ba sa cire safar hannu, ba sa taka jan layi. In ƙararrawa ta kaɗa sai su jeru su fita a natse kamar masu zuwa karɓar kyauta. Wani tsohon mai walda ya cire tabarau ya ce maka, "Injiniya, a ina ka samo waɗannan bayin Allah? Tun da nake aiki ban taɓa haɗuwa da ko ɗaya ba." Ɗaki ya kwashe da dariya. Wani da ya ji haushi. Kai kuwa ka fi kowa dariya, kuma washegari ka rufe ofishinka ka sauko cikin mutane.

Daga nan sunanka ya samo asali. A wurin cin abinci, a bakin famfo, a layin fita, sai ka tare mutum da tambaya. In bel ɗin injin ya cije kuma mota tana jira, me za ka yi? In ka ga abokinka ya zame, me za ka yi? Har ya zama in an hango ka tafe sai a ce ga Me-za-ka-yi nan, kowa ya gyara amsarsa. Ba ka daɗe ba ka gane cewa amsar da mutum yake bayarwa a zaune daban take da abin da hannunsa yake yi a tsaye. Sai ka rage tambaya ka ƙara kallo. Ka lura da yadda aiki yake lalacewa in an kusa tashi, da yadda sabon ma'aikaci yake haɗiye tambaya don kada a ce bai iya ba, da yadda mutum mai hankali yake komawa wawa da zarar na gaba da shi ya tsaya a bayansa. Duk wannan ka kwashe ka zuba wa 'yan ciki. Ka ba su gajiya da yunwa da kunya da tsoron kora, ka ba su abota, sannan ka bar kowanne ya riƙa auna su yana yanke shawara da kansa.

Akwai abin da ba zan manta ba. Lokacin da injin matsa ya cinye wa wani mutuminmu yatsu, kowa tambaya ɗaya yake yi, wato me ya sa ya sa hannu bai kashe injin ba. Kai ka je asibiti da kwanon abinci daga gidanka, ka zauna a bakin gadonsa kana ba shi a baki, ba ka ɗaga maganar ba sai da shi ya ɗago ta. Sannan ka tambaye shi abin da ke cikin ransa a wannan lokaci. Ya ce ɗansa ya baro a gida jiki ya yi zafi, hankalinsa yana can. Ka dawo ka ce mini, "Yaya, mun manta mutum yana zuwa aiki da gidansa a ka." Ka ƙara wa 'yan ciki damuwar gida. Mutumin nan yana cikin waɗanda suka ɗauki makararka, da hannu ɗaya da rabi.

Uku daga cikin 'yan ciki sun yi suna. Akwai Ba-komai, wanda in zafi ya dame shi sai ya cire safa ya cusa a aljihu, in ka yi masa magana ya ce ba komai. Akwai Agogo, shugaban aiki na kwamfuta, wanda ba ya zagi, ba ya cewa a karya doka, sai dai ya zo ya tsaya a bayanka yana ƙwanƙwasa agogon hannunsa da yatsa. Akwai kuma Ɗan'uwa, wanda in ya ga wani ya faɗi a cikin tanki ba ya tsayawa neman komai, sai ya bi shi. Da waɗannan ukun ɗakin horo ya daina zama wurin barci. Na ga ƙato ya cire tabarau yana gumi saboda ya bar Agogo ya sa shi tsallake gwajin iska. Na ga mutum yana yi wa Ɗan'uwa ihu yana miƙa hannu cikin iska zai riƙo rigarsa. Kai kuma kana gefe da shayinka da kullum sai ya huce kafin ka tuna da shi, kana yi wa na'ura faɗa, "Haba Ba-komai, ka ji tsoron Allah mana." Mukan tsokane ka cewa 'ya'yanka na kwamfuta sun fi ka hankali, don su aƙalla sun san inda suka ajiye makullansu.

Wata rana manaja ya kira ka ya ce ka faɗa masa wane ma'aikaci ka kwaikwaya ka yi Ba-komai, don a ja masa kunne. Ina wurin. Ka ce, "Ranka ya daɗe, ni ne, da kai, da duk wanda ya taɓa jin zafi." Ba ka taɓa ba da sunan kowa ba, shi ya sa mutane suka riƙa faɗa maka abin da ko matansu ba sa faɗa wa. Sun gaya maka inda suke yanke hanya, da abin da suke yi in babu mai kallo. Amana suka ba ka, ka riƙe.

Yanzu zan zo kan abin da ya ci ranka, kuma ina so a karanta shi a natse. Tankunanmu sai an wanke su lokaci zuwa lokaci. Dauɗar mai da ke kwantawa a ƙasa tana ruɓewa, tana cinye iskar da ake shaƙa, kuma ido ba ya gani. Mutum zai sauka lafiya lau, kafin ya ankara ƙafafunsa sun saki. Don haka ƙa'ida ta ce a gwada iska kafin a shiga, kuma in wani ya faɗi a ciki, kada kowa ya bi shi sai da kayan numfashi, wato silindar iska da ake goyawa a baya da abin rufe fuska. Ƙa'ida ce mai kyau, ni na fi kowa koyar da ita. Sai dai kayan numfashin namu suna cikin sito, can ƙarshen masana'anta, a bayan ƙofa mai kwaɗo, makulli yana hannun mai sito.

Kai ba ka yarda da zato ba. Ka saki 'yan ciki su kaɗai ba tare da ɗan Adam a cikinsu ba, ka sa su wanke tanki, su sake wankewa, ba sau ɗari ba, ba sau dubu ba, kowane karo kana canza abu ɗaya. Abin da ya fito ya hana ka cin abinci. Muddin kayan numfashi suna kulle a sito, in mutum ya faɗi, kusan kullum sai wani ya bi shi ba kariya, komai yawan horon da ka ba su. In ka matso da kayan bakin tanki, a cikin akwati da hannu zai iya kai wa, sai su tsaya su ɗaura sannan su sauka, su fito su biyu. Ka zana akwatin a masana'antar kwamfuta, rawaya, a hannun dama na tsani, jikin ƙarfen dafawa. Ka ce mini, "Yaya, ba za mu iya cire wa mutum tausayi ba, kuma ko za mu iya bai kamata ba. Abin da za mu iya shi ne mu ajiye masa iska kusa da tausayinsa."

Muka ɗauki wannan muka kai wa manya a ɗakin taro mai sanyi. Ka nuna musu a babban allo, ka nuna, ka sake nunawa. Manaja ya ce kwamfuta ai abin da ka gaya mata take yi, ka koma ka gyara mutanenka su riƙa bin doka. Wani ya ce in aka bar kaya masu tsada a fili za su yi ƙafa. Wani ya ce rana za ta lalata su. Shi kuwa shugaban aiki na gaske tun da ya ga Agogo yana ƙwanƙwasa hannu fuskarsa ta canza, don mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. A nan ne na ji ka ɗaga murya, karo na farko kuma na ƙarshe. Ka ce, "Ba mala'iku muka ɗauka aiki ba, mutane ne. In kuna son horon mala'iku ku nemo mala'iku su wanke muku tanki." Aka ce ka yi rashin ladabi. Maganar akwati kuwa aka yi kunnen uwar shegu da ita.

Abin bai tsaya nan ba. Da aka ce manyan baƙi za su zo duba masana'anta, sai umarni ya sauko cewa a kashe Agogo da Ɗan'uwa, wai suna zubar wa kamfani mutunci, wai kada baƙo ya ɗaura tabarau ya ga shugaban aiki yana matsa wa mutane. Muka yi gardama har muryarmu ta dushe. Aka ce ko a kashe su ko a rufe ɗakin horo gaba ɗaya. Baƙi suka zo, suka ga bayin Allah masu jeruwa a natse, suka yi tafi suka tafi. Bayan tafiyarsu ka nemi a dawo da su, aka ce a bari tukuna. Tukuna ɗin nan ita ce har ranar da ka rasu. Sababbin ma'aikatan da aka ɗauka a wannan tsakani sun koyi aiki a duniyar da babu mai tsaya maka a baya kuma babu mai faɗuwa. Mun gargaɗe su da baki, ni da kai, amma kai ne ka koya mini cewa gani ya kori ji.

A cikin sababbin akwai wani magidanci da muke kira Direba, saboda tuƙi yake yi kafin idonsa ya fara ba shi matsala. Mutum ne mai iyali, mai tsoron rasa aikin da ya sha wuya kafin ya samu. Shi da ƙanensa aka sa wankin tanki ranar Alhamis ɗin. Kai kuma ba ka da aiki a wurin, ka je ne da kyamararka ɗaukar hoton bakin tankin don ka gyara wani abu a na kwamfuta. Ni ina ɗakin horo. Abin da zan faɗa daga bakin mutanen da ke tsaye a wurin na ji shi, kuma maganarsu ba ta saɓa ba.

Motar mai tana jira a waje. Na'urar gwada iska ta ƙi kamawa, batirinta ya mutu. Direba ya ce a jira a kawo wata. Shugaban aiki bai ce masa ya shiga ba, kuma haka yake ta rantsuwa har yau, gaskiya kuma ya faɗa. Tsayawa kawai ya yi a bayansa yana ƙwanƙwasa agogo. Ka iso ne Direba ya riga ya sauka. Aka ji ƙarar bokiti ya faɗi, sannan shiru. Ƙanensa ya ƙwala kiran sunansa ya ɗora ƙafa a tsani. Kai ka cafko rigarsa ta baya ka wurgar da shi gefe, kai da ko ƙuda ba ka iya kora da ƙarfi. Ka ce masa ya ruga sito. Wasu mutum biyu suka yunƙuro, ka buɗe hannuwa ka tare bakin tankin da jikinka, ka ce duk wanda ya shiga gawa biyu za a fitar. Ka tura ɗaya ya kira motar asibiti, ka ba ɗaya bakin igiya. Wannan shi ne mutumin da aka ce wai bai san ƙa'ida ba.

Ƙanen Direba ya tarar da sito a kulle. An aiki mai sito waje, makulli yana aljihunsa. Aka shiga neman guduma. Sun ce ka tsaya riƙe da ƙarfen dafawa kana leƙawa, kana kiran Direba, kana waiwayen hanyar sito, kana sake leƙawa. Ka fi kowa a duniyar nan sanin abin da tsayuwar nan take nufi, don ka kalle ta a allonka har ka haddace. Ka san lokacin da kwanyar mutum take jurewa babu iska, ka san nisan sito, ka san ba za su haɗu ba. Sai ka ajiye kyamara a ƙasa a hankali, ka ce wa mai riƙe da igiya, "In na girgiza ku ja, kada kowa ya biyo ni." Ka cika ƙirjinka da iska ka sauka riƙe da ɗaya bakin igiyar. Igiya ta girgiza, suka ja, Direba ya fito. Ko da aka fasa kwaɗon sito aka iso da kayan numfashi, kana gindin tsani, hannunka ɗaya a kan matakin farko.

Ina fushi da kai ma, abokina, kada ka ce ban faɗa ba. Kana da mata, kana da 'ya'ya, kana da tsohuwa da ba ta da wani ɗa namiji sai kai. Na tsaya a kanka a asibiti ina cewa me ya kai ka, me ya kai ka, har ma'aikaciyar jinya ta janye ni. Amma fushina da kai irin wanda ake yi da na jiki ne, da kuka yake ƙarewa. Na san abin da ya kai ka. Ka faɗa mana tun kafin ranar ta zo cewa in kaya suna sito sai wani ya shiga. Da ba ka shiga ba, ƙanen Direba zai dawo hannu wofi ya faɗa, kuma babu mai iya tare shi karo na biyu. Ka duba cikinmu ka zaɓi wanda zai shiga, ka zaɓi kanka.

Fushina na gaske yana kan waɗanda suka zauna a ɗaki mai sanyi, kwana biyu da binne ka, suka shirya magana suka shafa maka kashin kaji. Ba su ambaci batirin da ya mutu ba. Ba su ambaci kwaɗo ba, ba su ambaci agogo ba, ba su ambaci taron da ka roƙe su har aka ce ba ka da ladabi ba. Abu ɗaya suka gani, cewa ka shiga ba kariya, saboda wanda ke kwance a kabari ba ya musu. Laifi tudu ne, sun taka nasu sun hango naka. Sannan manaja ya kira ni ofis, ya yi mini gaisuwa da murya mai laushi, ya ce yana so in sa labarinka a cikin darussan sababbin ma'aikata, a matsayin misalin abin da ba a so a yi. Ni zan tsaya a ɗakin da muka gina tare, in nuna bokitin fentin da ka fara zama a kai, in ce wa mutane kada su zama kamar kai? Na ce masa, "Ranka ya daɗe, ka nemi wani bakin." Na sauko kai tsaye na kunna kwamfutarka, na dawo da Agogo da Ɗan'uwa yadda ka nuna mini. Suna aiki tun ranar, kuma duk wanda ya zauna a kujerun robar nan sai ya haɗu da su. In kora ce, ƙofar da na shigo ta nan zan fita.

Ga kuma abin da ya sa na kasa yin shiru. Shekaranjiya na bi ta wurin tankin, karo na farko tun rasuwarka. Akwai akwati a wurin. Sabo fil, rawaya, a hannun dama na tsani, jikin ƙarfen dafawa, babu kwaɗo. An ɗaura shi ranar hutu da babu kowa. Ba a tara ma'aikata ba, ba a karanta komai ba, ba a ce shawarar wane ce ba. Daidai inda ka zana suka sa shi, ko taƙi ɗaya ba su kauce ba, wato dai sun buɗe zanenka sun duba. Sun san gaskiya ke nan. Sun santa har sun ɗaura ta da ƙusa a jikin ƙarfe, amma maganar da suka aika unguwarku ba su janye ba. Na buɗe akwatin na ga silinda cike da iska, na auna da idona daga nan zuwa matakin farko na tsani, na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi a maƙabarta ba. Direba yana can gida yana murmurewa. An ce ba ya iya jin sunanka sai ya juya fuska bango.

'Yata, ga amsarki. Mahaifinki bai yi ganganci ba. Shi ne ya hango wannan rana tun da nisa, ya yi ta kira ba a amsa ba. Da ranar ta zo ya hana mutum uku mutuwa da hannunsa, ya fitar da na huɗu da numfashinsa. In wani ya sake faɗa miki waccan magana, a makaranta ko a unguwa, kada ki sunkuyar da kai. Ki ce ya zo ya same ni, in kama hannunsa in kai shi bakin tanki ya ga akwatin, sannan ya tambayi masu shi yaushe aka sa, kuma wa ya fara roƙo.

Abokina, ina miƙa ta'aziyyata ga mahaifiyarka, wadda ta riƙe hannuna ta ce in ci gaba da zuwa ko da ba ka nan, kuma zan ci gaba da zuwa, Inna. Ina yi wa matarka gaisuwa, da 'ya'yanka, da 'yan'uwanka mata, da ma'aikatan da suka yi ta zuwa ɗakin horo suna tsayawa a ƙofa ba su san abin da ya kawo su ba. Allah ya ba mu haƙurin rashinka, ya raya abin da ka bari, ya tsaya wa marayunka a inda ka kasa tsayawa. Waɗanda suka san gaskiya suka danne, Allah ya ba su ikon faɗinta tun suna da numfashi. Kai kuma abokina, shekara da shekaru kana tambayarmu me za mu yi, yau mun ga abin da kai ka yi. Allah ya gafarta maka kurakuranka, ya karɓi wannan aiki naka na ƙarshe, ya sa shi a saman mizaninka. A wuri mai ƙunci da duhu ka cika, babu iska. Allah ya yalwata maka kabarinka iyakar ganinka, ya haskaka shi, ya buɗe maka ƙofa daga Aljanna iskarta ta riƙa shigo maka har ranar tashi. Amin.